Azumin da Aka Killace Malam

Jiya da la'asar hadarin farko ya taso mana daga gabas. Ina zaune a tsakar gida ina ɓare gyaɗar iri, sai iska ta kwashi ɓawon da na tara ta watsa mini shi har cikin randa. Ban gama faɗa da iskar ba ɗigon farko ya faɗi a kan kwanon ɗakin Inna, ƙamshin ƙasa ya tashi. Yara suka fice da gudu suna ihu. Ni kuwa tun shekarar kulle ban ƙara yin murnar ruwan farko da zuciya ɗaya ba. Na ɗaga kai na ga Malam, maigidana, ya ajiye sungumin da yake gyara wa ƙota, ya miƙe ya nufi ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, ɗakin da yanzu buhuna ne kaɗai a ciki. Na sunkuyar da kai na ci gaba da ɓarata, don na san abin da ya tafi yi.

A waccan shekara azumi ya faɗo ne a tsakiyar bazara. Yanzu ya ja baya, ana yin salla kafin rana ta fara cizo sosai, har yara suna cika baki wai azumi ba wuya. Ina ma sun ga wancan! Tun hantsi gari yake ɗaukar wuta. Kaji su taru a gindin rumbu baki buɗe, fukafukai a sake. Ruwan randa ka ce an sauke shi daga murhu. Mu jiƙa zani mu lulluɓa, kafin mutum ya juya ya bushe ƙayau. Rijiyar unguwa kuwa ka zura guga har ƙarshen igiya, ya fito da rabin ruwa rabin laka, sai an ajiye ya kwanta kafin a sha.

A cikin wannan hali rediyo ta ce an rufe jiha saboda korona. Mu a Kurugu da farko dariya muka yi, muka ce ciwon masu hawa jirgi ne, me zai zo nema a wurin masu tuwon dawa? Dariyar ba ta daɗe ba. Labari ya riƙa zuwa daga birni cewa tsofaffi suna ta tafiya, yau wane gobe wane. Ni ban taɓa cewa babu cutar ba, kada wani ya ɗora mini. Akwai ta, kuma mun ji tsoro. Liman ya ce kowa ya yi salla a gidansa, asham ɗin ma kowa shi da iyalinsa. Aka hana kasuwa ci. Ƙuli-ƙulin da nake yi ya zauna a fanteka har ya fara wari, mangwaro ya nuna ya zube a gindinsa babu motar da za ta ɗauka, ƙudaje suka yi ta biki. Gero ya yi ƙasa a rumbu. Ana cikin haka muka fara taɓa gyaɗar iri, yau ɗan kaɗan a kunun buɗa-baki, gobe ɗan kaɗan a miya, muna cewa ai ba za ta ƙare ba. Rannan na zura hannu a buhun, sai na ji ƙasansa.

Sai in gaya muku wace ce Inna, in ba haka ba sauran labarin ba zai zauna ba. Malam shi ne ɗanta na fari, kuma ita mutuniyar da ce ta sosai, mai kunyar ɗan fari irin wadda yanzu sai dai a ba da labari. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Kai, ko wani ne mai irin sunan, sai ta kewaye ta ce mai sunan wancan. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta cin abinci yana wurin. In ya zo gaishe ta da safe ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta amsa tana kallon bango, a gajarce, kamar wadda aka tilasta. In tana da saƙo gare shi, yana zaune a gabanta za ta juyo gare ni ta ce, “Zulai, a gaya wa mutumin naku katangar baya ta tsage.” Shi kuma ya ce, “To, an ji.” Ni ce gadar da suke bi. Wani lokaci abin ya ba ni dariya, wani lokaci ya ba ni haushi, har na taɓa ce mata, “Inna, ga shi fa a zaune, kunnensa lafiya lau.” Ta harare ni ta ce, “Ke dai ba ki da ta ido.” Amma ni na san wadda take tashi ta leƙa zaure in ya yi dare a hanya, ta ce wai akuya take dubawa.

Ni ma ba na faɗin sunansa, haka aka tarbiyyantar da mu. To kun ji gidan da muke: mutum ɗaya, mata biyu, babu mai kiran sunansa.

Azumi bai yi nisa ba Inna ta fara duban gabas. Da yamma gajimare ya ɗan taru, ya yi duhu, sannan ya watse ya bar mu da zufa. Rannan muna buɗa-baki ta ce, “Zulai, a gaya wa mutanen gidan nan damina ba ta jiran dokar kowa. Gida babu iri, ga shi kawunsu a Rogo Ruma yana da jar gyaɗa a ajiye.” Jar gyaɗar nan ta gidansu ce, ita ta taso tana ci, kullum tana cewa tamu ta nan ba ta da mai.

Malam ya ce, “An hana hawa hanya fa.”

Ta ce da ni, “Manomi ne zai ɗauko iri, ba yawon banza ba. In sun tambaye shi ya buɗe musu buhu.”

Washegari bayan asuba ya tura jan babur ɗinsa ya fita. Ya ce kafin la'asar yana gida. Na dama kunun tsamiya har da nasa.

La'asar ta yi, magariba ta yi, shiru. Muna shirin sallar isha wayata ta yi ƙara, na ji muryarsa can ƙasa. Ya ce ya samo irin lafiya. A hanyar dawowa ya ga wani mutum yana tafe a ƙasa da jaka, rana ta gama gasa shi, ya tsaya ya rage masa hanya, kamar yadda kowane ɗan halak zai yi wa mai azumi. Ashe mutumin daga kudu ya taho, ya biyo ta daji ya tsallako iyaka. Da suka iso shingen da aka kafa a hanyar Rogo zuwa Karaye aka tsayar da su. Aka saita musu wata 'yar na'ura a goshi, aka ce jikinsu da zafi. Mutumin da ya wuni a kan babur cikin ranar nan, bakinsa da azumi, da sanyi ake so a same shi? Aka kwashe su duka biyu zuwa wata makarantar kwana da aka sallami ɗalibanta, aka zuba su a aji tare da wasu. Ya ce, “Sun ce sati biyu ne. Ki gaya wa Inna irin yana nan.” Bai ƙara wata magana mai tsawo ba wayar ta mutu. Babu wuta a wurin, ba mu sake jin muryarsa ba.

Na gaya wa Inna. Tana riƙe da carbi, ba ta ɗago ba. Ta ce, “Allah Ya kyauta,” ta shige ɗaki ta saki labule.

Wanda muka dogara da shi shi ne Baba Sale, ƙanin mahaifin Malam, wanda ya yi masinja a kotu har ya yi ritaya, kuma duk wata rigimar hukuma a danginmu shi ake kira. Ya sa babbar riga, ya hau kekensa, ya ce mu kwantar da hankali, wannan ƙaramin abu ne. Ya yi ta zarya. Kullum ya dawo rigar ta manne masa a baya, leɓensa ya tsage. Masu kaki suka ce ba su suka ajiye shi ba, su gadi kawai aka ce su yi. Masu farar riga suka ce su ba sa tsare kowa, aikin kwamiti ne. 'Yan kwamiti suka ce sai mai sa hannu ya zo, shi kuma kulle ya rutsa da shi a birni. Kotu kuwa a garƙame take da kwaɗo.

Ranar da ya gaji ya zauna a kan turmi a tsakar gida, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce, “Zulai, da kama shi aka yi, da na san ƙofar da zan ƙwanƙwasa. Ɓarawon akuya ma ana kai shi gaban alƙali, a karanta masa laifinsa, ya ce na yi ko ban yi ba, a ba da belinsa. Wannan kuwa sun ce ba kama shi suka yi ba, killace shi aka yi don lafiyarsa da ta jama'a. To wanda ba a kama ba, ta ina za ka yi belinsa?”

Na ce, “Baba, in don lafiyarsa ne, an gwada shi?”

“Masu gwajin ba su iso ba.”

“Yaushe za su iso?”

Ya buɗe hannuwa biyu.

“To sati biyun ai ya kusa cika.”

Ya ce, “Nan ma akwai magana. Duk ranar da aka kawo sababbin mutane aka haɗa su aji ɗaya, sai a ce lissafi ya koma farko, tunda sun cakuɗu. Kuma kullum sai an kawo.”

Wallahi a ranar ji na yi kamar in ɗauki taɓarya in tafi. Na yi ta faɗa, na ce wace irin doka ce wannan mai ƙofar shiga babu ta fita? A ɗauki mai lafiya a haɗa shi da wanda ba a san halinsa ba, sannan a ce ana kare shi? In yana da cutar a gaya mana mu yi ta addu'a, in ba shi da ita a ba mu abinmu. Baba Sale ya bar ni na gama, ya ce, “Duk abin da kika faɗa na faɗa musu, har da Turanci.”

Inna tana bakin ƙofarta tana tsince tsaki a faifai, duk tana ji. Abin da ta ce kawai shi ne, “Irin zai lalace ke nan.” Na kalle ta, raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, ɗanki yana tsare, ke gyaɗa ce damuwarki? Sai daga baya na lura tsakin yana zubewa ƙasa, kaji suna ci ba ta kore su ba.

Daga nan ta canza. Tsohuwar da take cinye kwanon kununta ta nemi ƙari, ta koma dabino ɗaya da kurɓin ruwa. Na ce ta ajiye azumin, shekarunta sun ba ta dama, ta ce ba ta taɓa sha ba, ba kuwa bana za ta fara ba. Kullum da magariba sai ta sa na zuba abinci a kwano na rufe da faifai, ta ce, “A ajiye, ko baƙo zai zo.” Da sahur mu ɗumama mu ci. Ta mai da tabarmarta kusa da zaure wai can ya fi iska, alhali iskar da ke shigowa kamar daga bakin tanda take. In aka ji ƙarar babur daga nesa sai carbin ya tsaya a hannunta har ƙarar ta wuce. Maƙwabta suka gama sharar gona, suka kai taki, wasu har sun yi binne suna jiran ruwa. Tamu gonar tana nan da karan bara.

Muna cikin goman ƙarshe, wata safiya na fito na tarar ta riga ni hura wuta. Ta turara dambun tsaki da zogale, ta zuba masa ɗan man gyaɗar da nake ɓoyo saboda salla, ta cika tsohon kwanonta mai murfi. Ta cire ɗankwalin kanta, wani kore mai ɗigon fari da kowa ya san ta da shi, ta ɗaure kwanon da shi, ta yafa mayafi a kan furfurarta.

Ta ce, “Ɗauko mayafinki.”

“Ina za mu, Inna?”

“Duba irin nan za mu yi, kada rana ta kashe shi.”

Na ɗauko. Wani maƙwabcinmu da zai kai taki ya ɗora mu a amalankensa har inda gonarsa ta tsaya, sauran muka taka. Ba na son tuna tafiyar nan. Ƙasa tana ƙona ƙafa ta cikin silifa, miyau ya ƙafe, harshe ya yi nauyi. Inna ta yi 'yar tafiya ta tsaya ta dafa ni, ta yi 'yar tafiya ta tsaya. Na ce ta kawo kwanon in riƙe, ta hana. Babu kowa a hanya sai ƙadangaru. Gabas kuwa tun azahar ta fara haɗe rai, amma mun saba da yaudararta, ba mu kula ba.

Muka iso makarantar ana dab da la'asar. Doguwar katanga ce, da ƙofar ƙarfe, an ja igiya a gaba can nesa da ƙofar, ba a yarda kowa ya tsallake ba. Na hango jan babur ɗin a jingine cikin wasu, buhun yana ɗaure a bayansa. Mai gadi ya taso, takunkumi ya rufe masa rabin fuska, ya tsaya nesa da mu ya ɗaga hannu.

“Ku tsaya nan! Wa kuke nema?”

Na gaishe shi, na yi masa ya ibada, na ce, “Maigidana. Malam, na Kurugu, mai jan babur ɗin can.”

Ya ce, “Baiwar Allah, duk wanda ke ciki malam ne. Sunansa nake tambaya.”

Na saci kallon Inna. Ga faɗin sunansa a gaban uwar miji, kuma da ƙarfi, tunda tsakaninmu da mutumin akwai tazara, raɗa ba za ta kai ba. Sai Inna ta ajiye kwanon a gindin igiya, ta juya ta bi gefen katanga a hankali. Na ce a raina, Allah Ya saka miki, ta ba ni wuri ne in faɗa. Na jira ta sha kwana, na faɗi sunan.

Mai gadin ya ce, “Yana nan. Yana ajin ƙarshe ta baya. Zazzaɓi yake yi kwana biyun nan, yana kwance.”

 Na ce, “Don girman Allah ka fito da shi ko daga bakin ƙofa ne, mahaifiyarsa ce ta tako tun daga Kurugu da azumi. Ba za mu taɓa shi ba, ganinsa kawai za ta yi.”

Ya ce, “Ba ni da iko.”

“Wa ke da iko?”

Ya sassauta murya. “Wallahi ban sani ba. Ni ma azumi nake, ni ma ina da uwa. An ce kada kowa ya fita, ba a gaya mini wanda zai ce a fita ba. Ki bar kwanon, in an sha ruwa za a miƙa masa.”

Ina cikin roƙonsa iska ta taso. Ta zo da ƙarfi, da ƙasa da ledoji, gari ya yi duhu lokaci guda. A cikin iskar nan na ji murya daga bayan katanga, siririya, tana rawa, amma ta fita sarai.

“Isiyaku!”

 Ban taɓa jin sunan da wannan murya ba, sai da na ɗan tsaya kafin na yarda ita ce.

“Isiyaku! Isiyaku, ni ce!”

Na kwasa da gudu, mai gadin yana bina yana cewa an hana zagayawa can. Na same ta ta dafa katanga da hannu biyu, ta yi ɗage, mayafin ya zame, furfurarta a waje. Katangar ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba, saman tagogin ajin kawai ake hangowa. Ta sake kira. Muka kasa kunne. Babu wanda ya amsa, babu fuskar da ta leƙo. Na buɗe baki ni ma zan kira, a daidai nan ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ya sauka a kan kwanon azuzuwan nan da wata irin ƙara, ni kaina ban ji abin da nake faɗa ba. Na yi ta ihu, na kira shi Malam, na kira shi da sunan, duk ruwa ya cinye. Masu gadi biyu suka zo suka ce mu bar wurin ko mu ma a shigar da mu. Inna ta sauke hannuwanta, ta gyara mayafi, ta ce, “Mu tafi, Zulai.”

Ruwan da muka yi wata da watanni muna roƙo, a kanmu ya ƙare. Muka fake a wata bukkar gona, ta yi ta yoyo. A nan magariba ta same mu, muka tara hannu muka sha ruwan sama muka buɗe baki. Ko'ina ƙamshin ƙasa, kwaɗi sun fara kuka, daga ƙauyukan gefe ana jiyo yara suna murna. Inna tana jingine da ni, haƙoranta suna haɗuwa.

Ba ta sake tashi ba. Zazzaɓi ya rufe ta, tari ya biyo baya. Ko ruwan ne, ko cutar da ake faɗa ce, ko abin da ke ranta ne, Allah ne masani, don ita ma babu wanda ya gwada ta. Mutane suka ji tsoron shigowa dubiya, sai dai a yi sallama ta kan katanga a ce ya mai jiki. Ban ga laifinsu ba. A waje kuwa gari ya ɗauki harama, kowa yana gona. Maƙwabta suka riƙa zuwa bibbiyu da sassafe, tunda an hana taron gayya, suka share mana gona suka shuka gero da dawa, ko ruwa ba su sha a gidanmu ba.

Ana saura 'yan kwanaki salla, da hantsi, ina shafa mata ruwa a goshi ta buɗe ido ta ce, “Bai amsa ba.”

Na ce, “Ruwa ne, Inna. Ƙarar kwano ce ta hana shi ji.”

Ta girgiza kai. “Kafin ruwan na kira. Ya ji. Bai saba ba ne.”

Ba ta ƙara wata magana a kansa ba. Kafin azahar ta cika.

Baba Sale ya hau keke ya koma bakin igiyar nan, ya roƙa a ba shi ɗan ko na awa ɗaya, ya sallaci uwarsa a mayar da shi, ya ce shi zai zauna a madadinsa. Aka ce babu mai ikon. Ya ce to a gaya masa. Aka ce kada a tayar da hankalin na ciki. Mutane ƙalilan suka yi mata salla, a tsaye nesa da juna, aka kai ta. Tsohuwar da ta yi wa rabin matan Kurugu wankan jego, sahunta bai cika biyu ba. Wannan abu har gobe yana ci mini rai.

Bayan salla da 'yan kwanaki Malam ya dawo. Babu gwaji, babu alƙali, babu wanda ya ce masa yi haƙuri. Wani ne ya zo a mota ya ce a buɗe ƙofa kowa ya kama gabansa. Ya turo babur ɗin da hannu tun daga can, tayoyin sun sace. Ya rame, gashi ya cika masa kai, wuyansa ya yi tsawo. Buhun irin yana nan a ɗaure, ruwa ya dake shi, gyaɗar ta tsiro ta huda buhun ta ko'ina, ta ciki kuma ta ruɓe. Baba Sale ne ya tare shi a zaure. Ina daga ciki na ji salatin Malam. Da ya shigo ya wuce ni ya je ƙofar ɗakinta ya durƙusa a inda ya saba durƙusawa.

Bai yi maganar ba sai ranar da muke shukar gyaɗa. Iri maƙwabta ne suka haɗa mana, wannan tiya, wancan rabin tiya, fara da ja a cakuɗe. Lokaci ya ƙure, hannu ya yi kaɗan, ni da ban saba fita gona ba na bi shi. Yana gaba yana sara da sungumi, ina baya ina jefa iri ina rufewa da ƙafa. Muna tsakiyar kunya ya tsaya, bai juyo ba.

“Zulai, ranar ruwan farko kun zo ko?”

Na ce, “Mun zo.”

Ya ce, “Ina kwance, jikina kamar wuta. Na ji kiran. Na gane muryar, wa zai kasa gane muryar uwarsa? Amma na ce a raina Inna ba za ta kira sunana ba, ko duniya za ta tashi. Na ce zazzaɓi ne yake mini wasa, ko kuwa mutuwa ce ta zo da muryarta don in amsa. Na kusa da ni har ya taɓa ni ya ce, ba kai ake kira ba? Na ce masu sunan suna da yawa. Na ja riga na rufe kaina.”

Ya dafa ƙotar sungumin da hannu biyu.

“Sai da aka sha ruwa aka turo mini kwano da sanda. Na ga ɗankwalin. Na tashi na kama taga, babu kowa sai ruwa. Na ce ba komai, in na koma gida zan durƙusa in ce mata na ji. Da wannan niyyar na yi ta lissafin kwanakin da suka rage.”

 Ban gaya masa abin da ta faɗa ranar da za ta rasu ba sai bayan shekara, don a ranar ba zai iya ɗauka ba. Muka tsaya a gonar nan muka yi kuka mu biyu, sannan ya ɗaga sungumi muka ƙarasa kunyar.

Yanzu makarantar ta koma makaranta, an yi mata fenti. In muka wuce a mota za mu Rogo ana jiyo ɗalibai suna karatu, babu igiya, babu alamar an taɓa ajiye kowa a ciki. Kasuwa tana ci, masallaci yana cika, takunkumin nan ma yara sun mai da shi abin wasa sun yar. In aka tuna shekarar kulle a taron biki, dariya ake yi, a ce kun tuna lokacin da ake gudun mai tari? Har yau babu wanda ya zo ya ce mana ga laifin da Malam ya yi, ko ga dokar da ta ce ɗa ba zai sallaci uwarsa ba. Baba Sale ya rasu yana cewa wata rana sai ya gano wanda ke da ikon nan. Ɗankwalin kuwa yana ƙasan akwatin Malam, bai yarda an wanke ba.

Jiya da iskar ta ƙara ƙarfi, kafin ruwan ya kece, ina jin sa daga inda nake. Ya durƙusa a bakin ƙofar, kansa a ƙasa, mutum mai furfura a gemu. Ya yi maganar a hankali, yadda yake yi duk shekara, yana zaton ba na ji.

“Na'am, Inna.”

Ya ɗan jira. Sannan ruwa ya sauko a kan kwano, ya tashi ya zo ya taya ni kwashe gyaɗar.